Kamfanin gwanjon kayan gida na son kashi 40, mu ba su ko mu sayar da kanmu?

Uwar Biyu:
Salam jama'a, don Allah waɗanda suka daɗe a Amurka ku ba ni shawara. Surukata ta rasu watan jiya a Ohio, gidan da ta yi sama da shekara 30 a ciki cike yake dam tun daga gareji har ɗakin ƙasa, mu kuma muna Texas ga aiki ga yara 'yan makaranta, maigidan ne kotu ta ɗora wa kula da abin da ta bari, dillalin gida kuma ya ce sai an kwashe komai kafin a sa gidan a kasuwa. Mun kira kamfanin nan masu zuwa su jera kaya su liƙa farashi su buɗe gida kwana 3 jama'a su shigo su saya, matar ta zagaya ta ce la'adarsu kashi 40 ne na duk abin da aka sayar. Wlh abin ya min yawa, kusan rabi fa! Ba gara mu ɗau hutun sati ɗaya mu zuba a Facebook Marketplace ba?

Tsohon Direba:
Allah ya jiƙanta ya ba ku haƙuri. 'Yar'uwa 40 ɗin nan ba cuta ba ce, yawanci tsakanin 30 ne zuwa 50, in kayan ba su da daraja sosai ma sai kason ya ƙara hawa, wasu kuma ba za su karɓi aikin ba sam in sun ga cinikin ba zai biya ma'aikatansu ba. Ki tuna sati guda ko biyu za su yi suna tsince kaya, har cokali sai sun sa masa kuɗi, su ɗau hoto su yi talla a EstateSales.net, shafin intanet da ake tallan irin wannan cinikin, su tsayar da mutum a kowane ɗaki saboda masu ɗan hali. Marketplace kuwa kujera da firiji za su tafi, sauran tarkace dubu fa? Mutum goma za su rubuto "yana nan?" ki ce eh, shikenan ba ki ƙara jin ɗuriyarsu.

Abu ɗaya dai, kada ku zubar da komai kafin su gani. Tsofaffin kayan kafinta da faifan garmaho da kike ganin shara ne su ake rububi, kabad ɗin tangaran da ake ji da shi kuwa sai ya kwana ba mai tayawa.

Maman Gida:
Ni kason bai dame ni ba, takardar da za ku sa wa hannu ita ce abin tsoro. A yawancin jihohi ba wani lasisi na musamman ake nema kafin mutum ya fara sana'ar nan ba, kowa ya buga kati ya zama kamfani. Mu da aka yi na gidan yayata sai da muka yi wata biyu muna bin kuɗinmu, da cek ɗin ya zo ba lissafin me aka sayar nawa aka sayar, ga kuɗin kwashe shara da aka zabtare wanda ba wanda ya faɗa mana da baki, ashe yana can ƙasan kwantiragi.

Ki sa su rubuta ranar da za su biya, da jerin kayan da aka sayar, su nuna miki takardar inshora don in wani ya faɗo a matakala kada ya zama ku za a kai kotu. Ki tambaya ragowar kayan na waye, don wasu suna rubuta cewa nasu ne, to wanda zai gaji ragowa me zai sa ya dage ya sayar? Sannan duk abin da 'yan'uwan mijinki ke so su ɗauke tun kafin sa hannu, bayan nan in kun cire abu wasu sai sun caje ku la'adarsa. Gwal kuma ki kai wa mai awo daban tukuna.

Mai Yawon Asabar:
Hhh ni mai saye ne, kusan duk Asabar ina layi da lambar shiga da ake rabawa tun kafin a buɗe ƙofa. Aunty ki sa wani ya je cinikin da kamfanin ke yi wannan satin ya gani da idonsa, an jera kaya da kyau ko an watsar, akwai farashi a jiki ko sai an kalli fuskarka. Ranar ƙarshe rabin kuɗi ake yi, mu ita muke jira, kada ranki ya ɓaci. Kuma ku laluba aljihun riguna da cikin littattafai, na taɓa sayen akwati na tarar da takardun banki da lambar Social Security (lambar shaidar mutum ta gwamnatin Amurka) a ciki. Hotuna da magunguna duk ku kwashe. Maigidan kuma kada ya tsaya a gidan ranar, ganin baƙo na neman ragi a kan mayafin mahaifiyarka ba daɗi.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba takardar yanzu, maganar ragowa tana ciki kamar yadda Maman Gida ta ce, don haka za mu kira wasu biyu mu gwada. Fiyanon falo fa, zai yi kuɗi?

Tsohon Direba:
In kin samu mai ɗauka kyauta da motarsa ki yi masa godiya.