Dubu 400 ne a hannuna: in haɗa sabuwar kwamfuta ko in sayi ta hannu in ƙara mata katin girafik?

Sadiƙu_Gwale: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Na kwashi adashe, naira dubu 400 cif, kuma so nake in ajiye kwamfutar tebur a falo. Talabijin ina da ita, inci 43 mai 4K, saboda haka ba na buƙatar monita. Aikinta kallon fina-finai da YouTube, sai ɗan yanke-yanken bidiyon suna da walima da nake yi wa dangi, sai kuma ƙanena da ya ishe ni da maganar wasannin eFootball da GTA V.

Jiya na zaga kasuwar Beirut Road ta Kano, abu biyu aka nuna min. Na farko a haɗa min sabuwa da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600G ba tare da katin girafik mai sarrafa hoto ba, wai na cikin furosesar ya wadatar. Na biyu Dell OptiPlex ta hannu, siririyar nan mai i5-8500, in ƙara mata ƙaramin kati. Don Allah wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga ciki ya faɗa min gaskiya. Ku sani wutar unguwarmu ba ta da ƙarfi, da daddare ƙaramin janareta muke tayarwa.

Auwal Zariya: Wa alaikumus salam. Ka sayi laftof kawai ka huta. Ko an ɗauke wuta tana da batir.

Ɗan Maliki: Ka ware dubu 70 na monita tukuna, sauran sai a yi lissafi a kai.

Sadiƙu_Gwale: Malam Ɗan Maliki, ai na ce ina da talabijin.

Nura PES: In don ƙwallo ne ka nemo PS4 ta hannu, ƙaninka ya yi ta bugawa har asuba. Kwamfuta wahala ce.

Injiniya Bashir: Sadiƙu, ka yi tambaya mai kyau, ka kuma kawo bayanin da ake buƙata. Shekara goma sha ɗaya ina gyara, duka biyun sun ratsa ta hannuna. 5600G tana da zuciya shida, kuma girafik ɗin cikinta ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM ɗinka yake ɗiba. Shi ya sa kada ka yarda a sa maka sandar RAM ɗaya ta 16GB. Ka ce sanda biyu kake so, 8GB da 8GB, DDR4 mai gudun 3200. Bambancin a wasa da ido za ka gan shi. A haka GTA V zai tafi maka a 1080p in ka sassauta saituna, fim kuma 4K lafiya lau. In bod ɗin, wato faifan da ake jona komai a kansa, B450 ne ka tabbatar an sabunta BIOS, manhajar da ke tayar da shi, a gabanka, don waɗanda suka daɗe a shago ba sa gane furosesar sai an yi musu hakan. A520 ko B550 sun fi sauƙin sha'ani, amma su ma a kunna ka gani kafin ka biya.

Ita kuma OptiPlex ɗin, inji ne mai ƙarko, don ofis aka yi ta. Matsalarta fawa-fak ɗinta, wato abin da ke raba wa kayan ciki wuta, ƙarami ne, wajen wat 200, kuma ba irin na kasuwa ba ne da za ka cire ka sa wani. Ba ta da wayar ba wa kati wuta, akwatin kuma siriri ne, sai gajeren kati irin GTX 1650 ko RX 6400. In an miƙo maka GT 1030 ka duba kwalin, iri biyu ne, akwai mai GDDR5 akwai mai DDR4, na biyun asarar kuɗi ne.

Baban Khalil: Ɗan uwa, ka saurare ni da kyau, don ni na ɗanɗana. Duk abin da za ka yi, kada ka bari a haɗa ka da kati na hannu da fawa-fak marar asali.

Farkon 2023 ne. Yarona ya ci jarrabawa na yi masa alkawarin kwamfuta. Lokacin kasuwa ta cika da katin girafik RX 580 mai 8GB a farashin da za ka ɗauka sata aka yi. Ban san dalili ba sai daga baya: a watan Satumba na 2022 Ethereum, wani kuɗin intanet da ake samarwa da kwamfuta, abin da ake kira haƙa, ta daina haƙa da katunan girafik, masu haƙar suka zubo su kasuwa bayan sun shekara da shekaru suna aiki dare da rana ba hutu. An wanke su, an sa su a leda, sun yi fes. Mai shagon ya kunna min, hoto ya fito, ya ce Alhaji wannan ko sabo albarka. Kuɗina ya kusa ƙarewa, sai ya ɗauko wani fawa-fak da aka rubuta 650W a jikinsa ya ce zai bar min a rabin kuɗi. Na ɗauka a hannu na ji shi sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye. Wallahi zuciyata ta faɗa min, amma na ce ai ya fi ni sani.

Sati uku muka yi da ita. Ranar wata Juma'a bayan la'asar yaron yana wasa ina kishingiɗe, sai na ji ƙara tas, kamar an taka kwalba. Allon ya yi baƙi, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan akwatin, falon ya ɗauki warin ƙonanniyar roba. Ƙanwarsa ta ruga tana kiran uwarsu. Shi ko yana zaune da abin wasan a hannu, bai ce uffan ba, sai hawaye. Wannan kallon har yau yana raina.

Da na mayar, mai shagon ya shinshina ya ce wutarku ce Alhaji, mu ba ma ɗaukar asarar wuta. Na ce ina garantin wata uku da ka faɗa? Ya ce a ina aka rubuta? Risit ɗin da ya ba ni ba komai a kai sai jimillar kuɗi da sa hannu. Bod ya tafi, kati ya tafi, had dis mai hotunan auren ƙanwata ya tafi. Furosesa da RAM kaɗai na tsira da su. Na kai ƙara wurin shugabannin kasuwar, aka ce in yi haƙuri, aka ce ya rage min a sayayya ta gaba. Wace gaba?

Ummu Sultana: Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri Baban Khalil. Hotunan ne suka fi ba ni tausayi.

Injiniya Bashir: Allah ya musanya, Alhaji. RX 580 shi kaɗai wat 185 yake ja. Irin wancan fawa-fak ɗin in ka buɗe shi rabin gurbin kayan ciki fanko ne, lambar jikinsa fenti ce kawai. Ni a shago da hannu nake fara auna shi kafin in karanta rubutun.

Kabiru Mai Kaya: Alhaji ka yi haƙuri, amma kada a yi mana kuɗin goro. Ni ma sana'ata ke nan, na sayar da irin katin nan ba adadi, har yau mutane na amfani da su. Katin da aka yi haƙa da shi ba lallai ya lalace ba, a canja masa man sanyaya da fanka ya ci gaba da aiki. Abin da ya ƙone maka fawa-fak ne, ba kati ba. Kuma mu faɗi gaskiya, masu saye ne ke matsa mana sai mun rage, in ka kawo musu mai kyau su ce ya yi tsada.

Baban Khalil: Malam Kabiru, ni ban nemi ragi ba, shi ya ɗauko ya ce mai kyau ne. In ka san abu zai ƙone gidan mutum, me ya sa yake kan kantarka?

Kabiru Mai Kaya: Ba a kan tawa ba dai. Sadiƙu, ka zo in haɗa maka 5600G da bod da RAM 16GB da SSD 512GB da akwati da fawa-fak na gaske a dubu 430.

Auwal Zariya: 430? Abokina ya haɗa irinta a 310.

Kabiru Mai Kaya: Yaushe?

Auwal Zariya: Bara, wajen azumi.

Kabiru Mai Kaya: To ka je ka tambayi kuɗin RAM yau ka dawo mu yi magana. Ya yi tashin gwauron zabo, mu kanmu tsoron sarowa muke.

Hamza Ikeja: Ina Computer Village ta Legas yanzu haka. OptiPlex mai i5-8500 da 8GB na ga ana bayarwa 165. In kana so in saya in sa maka a mota.

Ɗan Maliki: A Banex 230 aka ce min satin da ya wuce, kuma ba a rage ko sisi ba.

Hamza Ikeja: Abuja ai kuɗin hayar shago kake biya.

Issoufou Maraɗi: Mu nan duk daga Kano ake kawo mana, in ka juya kuɗin zuwa sefa ka ƙara na mota sai ka ga gara ka je da kanka. Amma ni ba zan sayi inji ban gan shi a kunne ba, ko ɗan uwana ne zai aiko.

Mubarak Tech: Duk ku bar wannan. i3-12100F da RX 6600 shi ne daidai a wannan kuɗin, duk masu gwaji a YouTube sun nuna. 5600G ta 2021 ce, ta tsufa.

Injiniya Bashir: Mubarak, ka taɓa haɗawa da hannunka? Waɗanda kake kallo da dala suke lissafi, a ɗaki mai sanyi, wutarsu ba ta rawa. Ka tambayo kuɗin RX 6600 shi kaɗai ka ga abin da zai rage wa bawan Allah. Kuma F ɗin nan ma'anarta babu girafik a ciki, ranar da kati ya samu matsala ko hoto ba zai gani ba.

Mubarak Tech: Yallabai, daɗewa a gyara ba ya nufin kana bin sababbin kaya. Masu gyara kun fi son abin da kuka saba.

Injiniya Bashir: Na saba da shi ne saboda ba ya dawo min. A watan Afrilu, da zafin Kano, ka zo shago ka ga waɗanda ake kawowa.

Nura PES: Ni dai tambayata ɗaya, Sadiƙu: ƙanin naka wace ƙungiya yake ɗauka? In Man United ce kada ka wahalar da kanka, ko wace kwamfuta ka saya sai an ci shi. 😂

Auwal Zariya: Nura ka ji tsoron Allah, mutane na cikin jimami. 😂

Ummu Sultana: Yayana Sadiƙu, ni ba injiniya ba ce, amma da irin siririyar nan nake haɗa bidiyon kek da nake sayarwa, shekara biyu ke nan. Abu biyu zan faɗa maka. Tawa ramin jona allo irin DisplayPort kawai gare ta a baya, na kai ta gida na rasa inda zan soka wayar talabijin, sai da na koma na sayo mahaɗi. Ka leƙa bayanta tun a shago. Sannan ƙura. Bayan hunturun farko ta fara kuka kamar injin markaɗe, da aka buɗe, fankar ta yi dam da ƙura kamar auduga. Yanzu duk wata biyu nake sa a hure min ita, kuma na ɗauke ta daga ƙasa na ɗora a kan tebur. In za ka sayi ta hannu kada ka karɓi i5 na ƙarni na shida ko na bakwai ko da an rage maka, Windows 11 daga na takwas ta fara karɓa, ita kuma Windows 10 Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025.

Sadiƙu_Gwale: Na gode ƙwarai Anti, ban san da wannan ba. Baban Khalil, labarinka ya sa jikina ya yi sanyi, Allah ya mayar da alheri. Injiniya, in na fahimce ka 5600G ka fi karkata? Kuma janaretan namu zai ɗauke ta da talabijin da fanka?

Baban Khalil: Kafin ya amsa, ka cire kuɗin sitabilaiza ko UPS daga dubu 400 ɗin nan. Kada ka jona ta kai tsaye ko na minti ɗaya.

Ɗan Maliki: Sitabilaiza me zai yi in wutar ta sauko ƙasa da volt 140? Namu sai dai ya yi ta ƙyas-ƙyas yana kashe kansa. Firij ɗinmu haka ya mutu.

Auwal Zariya: Ku kuna ma ganin wutar. Taransifomarmu wata biyu ke nan da ƙonewa. An bi gida-gida an karɓi dubu biyar-biyar, har yau shiru, kuma takardar biya ba ta fasa zuwa ba.

Hamza Ikeja: Mu an ce muna Band A, awa 20 a rana, kuɗin kam na Band A muke biya. Jiya awa tara na ƙirga.

Kabiru Mai Kaya: Shi ya sa nake cewa rabin kayan da ake dawo mana da su ba laifinmu ba ne.

Baban Khalil: Ka ji ko? Maganar da ya faɗa min ke nan, kalma da kalma.

Issoufou Maraɗi: Ku sa sola ku huta. Fanel biyu da batir ɗaya sun riƙe min shago.

Ɗan Maliki: Batir nawa yake yanzu a wajenku? Nan wanda na saya bara ko wata takwas bai yi ba ya daina riƙe caji.

Sadiƙu_Gwale: Injiniya, kana nan? Maganar janaretan.

Auwal Zariya: Ɗan Maliki, na ruwa ka saya ko busasshe? Kuma wa ya haɗa maka, don sau da yawa daga cajar ne.