Neman kalmar Hausa: me za mu kira "science fiction"?

Daren jiya an ɗauke mana wuta a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana. Ɗiyar yayata na zaune a tsakar gida tana karatu da fitilar waya, tuwonta ya huce a gabanta. Hajiya ta ce, "Ke, wane irin littafi ne wannan da ya hana ki cin abinci?" Ta ce, "Science fiction ne, Hajiya." Sai Hajiya ta juyo wajena: "Da Hausa fa?" Na fi shekara 20 ina karanta irin waɗannan littattafai, amma a lokacin ban sami kalma ɗaya da zan ba mahaifiyata ba. Abin ya tsaya mini a rai, na wuni yau ina tambayar mutane.

Wani malamin makaranta a Asawase ya ce "ƙagaggen labarin kimiyya". Ma'ana ta fita daidai, kuma a jarida zai zauna. Sai dai ya yi tsawo. Ba wanda zai tsaya gaban mai sayar da tsofaffin littattafai a kasuwar Kejetia ya jero wannan duka. In kuma aka gajarta shi ya koma "ƙagen kimiyya", an ɓata, domin ƙage abin da ake yi wa mutum ne don a zubar masa da mutunci.

"Tatsuniyar kimiyya" ita ce ta fi yawan magoya baya, kuma ita na fi ƙi. Tatsuniya tana da gidanta: Gizo da Ƙoƙi, "ga ta nan ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus". Da babba ya ji kalmar, ya san ta yara ce. To littafin George Orwell mai suna 1984, wanda ya fito a 1949, labarin gwamnati ne da ke leƙen kowa har cikin ɗakinsa, tana sauya tarihi, tana rage kalmomin harshe don mutane su kasa tunanin bijirewa. Wannan ba abin da za a ba yaro ya yi barci ba ne.

Ƙanwata da ke unguwar Nima a Accra ta aiko da "labarin gobe". Yana da daɗi a baki. Matsalarsa biyu. Ba duka ne ke maganar gobe ba: Frankenstein na Mary Shelley, na 1818, labarin wani ne da ya harhaɗa halitta da iliminsa, kuma ba a wata gobe mai nisa abin ya faru ba. Sannan a Zango, in ka ce littafi yana faɗin gobe, wani dattijo zai tuna maka cewa gobe ta Allah ce, ya ɗauka duba ake yi. Ba na son sunan da zai sa a ƙwace littafi daga hannun yarinya.

Ni dai na tsaya a kan "almarar kimiyya".

Almara kalmarmu ce tun da, kuma ba ta yara kaɗai ba ce: labari ne na abin da bai faru ba, mai ban al'ajabi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, na 1934, da aljanunsa da tafiye-tafiyensa, almara ce zalla. Don haka abin da Turawa ke kira "fantasy" ba ya bukatar sabon suna, almara ta ishe shi. In aka ɗora mata "kimiyya", an ɗaure ta da sharaɗi ke nan. A almara aljani zai ɗauke ka ya kai ka wata duniya, ba mai tambayar ta yaya. A almarar kimiyya na'ura ce za ta kai ka, kuma dole marubuci ya ba da dalilin da hankali zai iya bi, ko da na'urar ba a ƙera ta ba tukuna.

Kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya da Hausa, inda aka ɗauki yaro aka yi sararin samaniya da shi. Wanda ke son farawa, ya fara da wannan. Mai Turanci kuma ya nemi Major Gentl and the Achimota Wars na Kojo Laing, haifaffen Kumasin nan. Ya fito a 1992, labarin kuwa a shekarar 2020 aka kafa shi. Yana da wuyar shiga, amma a daure.

Da safe na gwada kalmar a kan Hajiya tana shan koko. Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Wato almara ta masu inji." Ba ta sake tambaya ba.

Saura guda ɗaya: littattafai masu ɗaci, waɗanda ake gamawa zuciya ta yi nauyi. Irin na Orwell ina ganin "labarin baƙar gobe" zai ɗauke su. Amma The Beautyful Ones Are Not Yet Born na Ayi Kwei Armah, na 1968, ba na'ura a ciki, ba aljani, sai ma'aikacin jirgin ƙasa da ya ƙi karɓar cin hanci har iyalinsa suka raina shi. Wannan kam 'yan'uwa na Kumasi da Accra, ku kawo naku sunan.