Katin bashi ko katin ATM: da wanne zan biya otal a Makka?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Saura kwana 9 mu tashi Umara ni da Hajiyarmu. Shekara uku ina tara kuɗin nan, tun bayan rasuwar mahaifinmu na yi mata alkawari. Ƙafarta ba ta jure doguwar tafiya, shi ya sa na ƙi masaukin da ejan ya ba mu, na nemo otal kusa da Harami da kaina a intanet, kwana 6, riyal 2,700. Sau biyu ina saka katina yana ƙi. A na biyun har alat ya shigo an cire kuɗin, amma otal sun ce ba su ga komai ba. Yau kwana 4 ke nan. Wani ma'aikacin bankinmu ya ce in karɓi katin bashi, wai shi ba ya tsayawa a waje. In karɓa?

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam. Malam, ba ka faɗi abin da ya fi muhimmanci ba: katin naka Verve ne, Visa ko Mastercard? Na naira ne ko na dala? In Verve ne, yawancin shafukan waje ba sa karɓarsa. In na naira ne, ka sani a 2022 bankuna suka rage iyakar sayayyar waje har zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya. Sai a Yulin 2025 suka fara buɗewa, kowane banki da iyakarsa, akwai wanda ya fara da dala 1,000 a wata uku. Riyal 3.75 ne dala ɗaya, kuɗin otal ɗinka dala 720 ke nan. Shiga manhajar bankinka ka duba abu biyu: an kunna sayayyar ƙasashen waje a katin? Nawa ya rage maka a iyakar? Kuɗin da aka cire kuma riƙe shi aka yi, bai isa otal ba. Rubuta wa banki ƙorafi yau, da ranar, da adadin, da hoton alat ɗin, ka karɓi lambar ƙorafi.

Baban Ilham: Mastercard ne na naira. Na sayi tikitin jirgin ƙasa na Madina da shi satin jiya ya wuce lafiya, shi ya sa ban ga laifin katin ba.

Maman Walid: Ni dai katin bashi na ga ya fi maka, ɗan uwa. Otal da yawa suna riƙe wani kuɗin jingina ranar shiga. A katin ATM kuɗinka na gaske ne ake ɗaurewa, kuma sakinsa kan kai kwana 30, kana ƙasar mutane da dattijuwa. A katin bashi kuɗin banki aka riƙe. In ka biya duka kafin ranar da aka yanka maka, ba kuɗin ruwa. Sai dai kada ka kuskura ka ciri tsaba da shi a ATM, ruwa na fara hawa tun ranar. Abin takaicin shi ne yadda bankunanmu ke saurin cira, amma mayarwa sai ka yi ta zarya.

Abu Sadiq: Hajiya, katin bashi na naira ma iyakar sayayyar waje na kansa, ba abin da zai canza. Kuma sai sun duba albashi ko shigar kuɗinsa kafin su ba shi. Mafita ɗaya ce: asusun dala da katinsa. Ya sayi dala, ya zuba, ya biya. Baban Ilham, a Saudiyya kuma in na'urar POS ta tambaye ka riyal ko wani kuɗi, zaɓi riyal, don canjin da na'urar ke yi ya fi tsada. Ka kunna romin a layinka kafin ka tashi, wato ya riƙa aiki a ƙasar waje, in ba haka ba lambar OTP da banki ke turowa don tabbatar da biya ba za ta same ka ba.

Malamin Islamiyya: Ibada za ka je, ka kula. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a 2000 cewa katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa bai halatta ba, ko da mutum ya yi niyyar biya kafin wa'adi. Ka mayar wa ejan maganar masauki, ka riƙe riyal a hannu.

Baban Ilham: Allah ya gafarta Malam, na gode. Amma ejan ya kusa ninka min kuɗin otal ɗin nan. Asusun dala kuma an ce sai na kawo mutum biyu masu tsaya min, kwana 9 ba za su isa ba. Tsaba mai yawa ina tsoron yawo da ita.

Abu Sadiq: Za su isa in ka je gobe da safe. Ka duba iyakar da na ce maka?

Baban Ilham: Ban duba ba tukuna. Otal sun ce zuwa Alhamis za su saki ɗakin. In na sake gwadawa karo na uku, ba za a ƙara cire min wani kuɗin ba?