Muryata tana gajiya tun kafin ni in gaji, tsufa ne kawai?

Tsohon Malami:

Assalamu alaikum. Shekarata 68, kuma na yi shekara 34 ina koyarwa a firamare kafin in yi ritaya. A lokacin nakan shiga aji mai yara sama da 60, in yi ta magana tun safe har a tashi, yaron da ke kujerar baya yana jina sarai. Yanzu kuwa, kusan shekara guda ke nan, idan na ɗauki littafi zan karanta wa jikokina, ko minti 15 ba na yi sai muryar ta fara sirancewa, iska na fita tare da ita, ƙarshen jimla ya ɓace. Wuyana ya riƙe kamar na ɗauki kaya a ka. Da safe garau nake tashi, kafin yamma ta dishe.

Ba mura, ba ciwo, ban taɓa shan taba ba. Maganin hawan jini kawai nake sha, iri biyu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne idan ɗana da ke nesa ya kira waya, sai ya yi ta cewa "Baba, ba na jinka", ni kuma in gajarta hirar alhali ina da abin faɗa. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka mini.

Ma'aikaciyar Jinya:

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. A sashen kunne, hanci da maƙogwaro nake aiki, kuma irin bayaninka muna jinsa kusan kullum.

A cikin maƙogwaro akwai tantani biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne da 'yar tsoka a cikinsa. Idan za ka yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta bi ta tsakaninsu ta kaɗa su. A namiji suna kaɗawa sau 100 da wani abu a daƙiƙa ɗaya, a mace kusan sau 200. Ka lissafa shekara 34 a gaban allo ka ga aikin da suka sha.

To yadda tsokar hannu da ta cinya ke raguwa da shekaru, haka wannan 'yar tsokar ma. Idan ta rame, tantanin biyu sukan lanƙwashe kamar baka, su kasa haɗuwa sosai, a bar 'yar kafa a tsakiya. Ta nan iskar da kake ji take zurarewa. Numfashin da a da yake kai ka ƙarshen jimla yanzu a rabi yake ƙarewa, ga shi huhun ma ba ya turo iska da ƙarfin da. Sai jiki ya nemi cike giɓin da tsokokin wuya, ka riƙa matsa murya ba tare da ka sani ba. Riƙewar wuyan nan daga nan take. Shi ya sa ma muryar dattijo kan ƙara siranta, ta dattijuwa kuma takan yi kauri bayan ɗaukewar al'ada.

Amma ni dai ba na son a ɗora wa tsufa komai a tashi. Duba magungunan nan naka. Idan a ciki akwai mai sa yawan fitsari, yana rage ruwan jiki, tantanin kuma sai da danshi suke kaɗawa cikin sauƙi. Ga shi manya ba sa jin ƙishirwa da wuri kamar matasa. Akwai kuma irin su lisinopril da ke sa wasu busasshen tari, tarin kuwa buga tantanin yake yi da juna. Kada ka daina shan ko ɗaya da kanka, ka kai wa likitanka kwalayen ya gani.

Uwar Biyar:

Baba sannu. Ni tawa muryar ce ta riƙa dishewa ina da shekara 61, na yi ta shan magungunan tsotsa a banza. Ashe ba daga maƙogwarona abin yake ba, daga kunnen maigidana ne. Jinsa ya ragu, kowace magana sai na faɗa sau uku, ta ukun da ƙarfi, wani lokaci daga wani ɗaki. Ga talabijin ya ƙure mata sauti, dole in yi magana sama da ita. Da aka gwada kunnensa aka ba shi na'urar ƙara ji, cikin 'yan makonni na ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai takura wa rayuwa, don haka ba mu kaɗai ba ne. A duba kunnenka da na Mama duka.

Mai Asma:

Nawa maganin shaƙa ne na asma, mai sitiroyid. Yana sauka a maƙogwaro ya dishe murya, har da fararen tabo yakan kawo. Aka ce in riƙa kurkure baki da maƙogwaro bayan kowace shaƙa. Sannan ruwan ciki mai tsami yana hawo mini da dare ba tare da na ji ƙwarnafi ba, sai dai yawan gyaran murya da jin kamar wani abu ya maƙale. Na daina kwanciya da zarar na ci abinci, ina ba da awa 3 tukuna.

Tsohon Malami:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, lallai ɗaya daga cikin magungunan mai sa fitsari ne, kuma saboda tashin dare da kaina na rage shan ruwa tun bara. Maganar kunne ma ta taɓa ni, don jikokin kan ce ina ɗaga murya a waya. 'Yata mai aikin jinya, in yi shiru ke nan in hutar da muryar? Kwanakin nan da raɗa nake magana idan ta gaji.

Ma'aikaciyar Jinya:

A'a Baba, ka bar raɗar nan. Mutane da yawa idan suna raɗa matse maƙogwaro suke yi fiye da idan suna magana a hankali. Haka gyaran murya, gara ka kurɓi ruwa ka haɗiye. Ruwan kuma ka mayar da yawancinsa safe da rana, ka rage da dare.

Shirun ma ba shi ne magani ba. Ka lura, kai da ke magana awa biyar ko shida a yini, ritaya ta mayar da kai mai 'yan kalmomi, sannan rana ɗaya ka nemi muryar ta yi aikin da ta saba. Tsokar da aka daina mora raguwa take yi. Masu gyaran magana suna koyar da motsa murya, misali ka sa siririn bututun zuƙar abin sha a baki ka riƙa fitar da sauti ta cikinsa, kana hawa kana sauka a hankali, na 'yan mintuna. Idan kafar ta yi faɗi, akwai allurar da ake cika tantanin da ita don su haɗu.

Sai dai kafin duk wannan a leƙa maƙogwaron. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka, a ƙa'idarta ta 2018, ta ce muryar da ta dishe har mako 4 ba ta warware ba a duba ta da kyamara, kai kuma shekara guda kake faɗa. Siririyar kyamara ce ake bi da ita ta hanci, minti kaɗan an gama. Cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, kan fara da murya ƙasa-ƙasa, raunin tayirod, wata halitta da ke gaban wuya, shi ma yana dishe ta, kuma sankarar maƙogwaro idan an kama ta da wuri tana jin magani sosai. Wanda ya ga jini a kaki, ko haɗiya ta yi masa wuya, ko ƙullutu a wuya, ko yana ramewa ba dalili, kada ya jira ko mako 4 ɗin.

Tsohon Malami:

To na ji. Na kira ɗan nawa na karanta masa amsoshinku, sai da na tsaya sau biyu na sha ruwa kafin in kai ƙarshe. Ya ce zai nema mini ganin likita ranar Litinin, kuma tare da mahaifiyarsa za mu je a gwada kunnuwanmu.