Neman shawara: aikin rubuta tarihin rayuwa ga 'yan JSS 3

Assalamu alaikum malamai, don Allah shawara nake nema. Hausa nake koyarwa a JSS 3, zangon nan ina so in ba yaran aikin rubuta tarihin rayuwar wani mutum, kamar shafi biyu haka. Bara da na ce su rubuto na Sardauna ko Tafawa Ɓalewa kusan rabin aji abu ɗaya suka kawo min, ɗaya ya kwafo a wayar yayansa sauran suka kwafa a wajensa, har kuskuren rubutun iri ɗaya ne wallahi. Ya zan yi su rubuta da kansu, kuma ya zan raba maki?

Malama daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam ka ajiye manyan nan tukuna, ka ce kowa ya rubuto tarihin kakarsa ko kakansa ko wani dattijo a unguwa, maƙeri ne, ungozoma ce, ladan ne, wannan babu shi a Google balle a kwafo. Kuma kaka na ce ba uba ba, yaro ba zai iya zaunar da babansa yana tambayarsa yaushe ya yi aure ba, amma kaka ai abokiyar wasa ce, tana tsokanarsa da mijina mijina za ta zazzage masa labari har ya gaji. Wanda kakanninsa suka rasu kar a matsa masa, ya nemi maƙwabci.

Malam daga Gusau:
Haka ne, sai dai yawancin tsofaffin ba su san shekarar haihuwarsu ba, da abin da ya faru suke lissafi. Ka rubuta wa yaran a allo: zuwan Sarauniyar Ingila 1956, 'yancin kai 1960, kisan Sardauna 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, komawa tuƙin hannun dama 1972, canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo 1973, kisan Murtala 1976. In tsohuwa ta ce ina goyon fari aka canza kuɗi, yaro ya samu makama kenan sai ya ja baya ya kintaci haihuwarta, amma ya rubuta "wajajen" kar ya yanke kamar ya ga takarda. Sannan ka gaya musu wata ba za ta taɓa faɗin sunan mijinta ko ɗan farinta ba, su tambayi wani a gidan kawai.

Wani malami daga Sakkwato:
Ni fa ban yarda a watsar da manyan gaba ɗaya ba. Ka ɗauki Nana Asma'u ku yi nata tare a aji ya zama samfuri, haihuwarta 1793, 'yar Shehu Usmanu ce, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru tana tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata, ta rasu 1864. A nan za su ga yadda ake bi daga tasowa zuwa aikin da mutum ya yi. Don in ka ƙyale su kirari za su cika maka shafi da shi, mutumin kirki ne mai haƙuri mai son jama'a, to me ya yi? Duk yabon da babu labari a bayansa ka ja masa layi da jan biro.

Malama daga Zariya:
Batun maki kuma ka raba uku, takardar tambayoyi da amsoshin da suka samo, rubutun farko wanda a gabanka za su yi shi cikin aji, sai gyararre. Kuma ka karanta kafin kowa ya tashi karantawa gaban aji, yara ba su san sirrin gida ba, wani labarin kishi da saki zai kwaso maka gaba ɗaya.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri malamai, Litinin in sha Allahu da shekarun nan zan fara. Malam na Gusau ko kana da makamantansu na wajen Nijar? Ina da yaran da kakanninsu daga Maraɗi suka zo.