Haɗa Gajeren Sifirin da na Kamfani a Mota Ɗaya: Shawarar Kanikawan Apo

A tattaunawar kanikawan Apo da masu motocin gudu a Abuja, bakinsu ya zo ɗaya: kada a taɓa sa gajeren sifirin (wanda ake sawa don a sauke mota ƙasa) a dama, na kamfani (wanda motar ta zo da shi) a hagu. Motar za ta karkace, ta riƙa ja gefe in an taka birki.

A kan haɗa su gaba da baya ne aka yi ta ja-in-ja. Gajeren sifirin irin na kamfanonin Eibach ko H&R yakan sauke mota kimanin milimita 25 zuwa 40, kuma ya fi na kamfani tauri. In gaba kaɗai aka sa shi, hancin mota zai sunkuya, hasken fitila ya faɗi kusa, a kwana kuma ta ƙi bin sitiyari, ta nemi miƙewa. In baya kaɗai ne, bayan motar kan iya zamewa, musamman da damina, wannan kuwa ya fi haɗari. Shi ya sa mafi yawansu suka ce a canza huɗun tare.

Shokazoban kamfani ba ya daɗewa da gajeren sifirin; zai fara yoyon mai. A sa wanda aka yi dominsa. A ɗaure kusoshin bushin (robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota) bayan motar ta sauka kan tayoyinta, sannan a yi alaimen, in ba haka ba taya za ta cinye ta ciki.