CAC ta ƙi sunan da na shekara huɗu ina sana'a da shi, wata kuma ta ce nata ne

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin doka, da waɗanda irin wannan ya taɓa faɗa musu, ku taimaka min da shawara, yau kwana uku ban yi barcin kirki ba.

A Kano nake, ina sana'ar yajin daddawa, yajin tafarnuwa da garin kunu. Na fara a 2021 da turmi ɗaya da barkono kwano biyu da na sayo a kasuwar Rimi. Yanzu alhamdu lillahi yara uku ke taya ni, kayana na zuwa Kaduna da Abuja, har ƙanwar maigidana tana ɗiba ta kai Maraɗi. Sunan da ke jikin sitikata sunan 'yata ta fari ne na haɗa da wata kalma ta Hausa, sai Foods a ƙarshe. Ba zan rubuta shi a nan ba, za ku ga dalili.

Watan jiya wani babban kanti ya ce zai riƙa karɓar kayana, amma sai na kawo lambar NAFDAC da asusun banki mai sunan sana'a, ba sunana ba. Na je wajen wani yaro mai kafe ya tura sunan zuwa CAC, hukumar da ke rajistar kamfanoni da sunayen sana'a. Suka dawo da shi, wai akwai mai kama da shi a rajista. Yaron ya ce mu ƙara Global, muka ƙara, suka sake dawo da shi. Ina cikin wannan juyayi sai ga saƙo a Instagram daga wata mata a wata jiha, da hoton satifiket. Wai sunanta ne, ta ba ni sati biyu in cire shi daga kayana da shafina, ko lauyanta ya neme ni. Harafi ɗaya ne tsakanin sunana da nata, sai Ventures da ta sa a inda na sa Foods. Na leƙa shafinta, a 2023 ta buɗe shi.

Ga shi kafin azumi na buga sitika dubu biyar, ko kwata ban ci ba.

To yanzu sunan ya zama nata ke nan don ta riga ni zuwa CAC, alhali na riga ta fara sana'a da shi? Zan iya ci gaba da sayar da kayana, ko laifi nake yi? In kuma na haƙura na koma sunana na yanka, sai na yi rajista?

Ɗan Kwari ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, Allah ya yi wa sana'a albarka. Shekarata ashirin da doriya a kasuwa, in za ki ji tawa, canza sunan ki huta. Shari'a saɓanin hankali ce, kuma kuɗin sitika dubu biyar bai kai abin da zirga-zirgar kotu za ta cinye miki ba. Masu sayen yajinki daɗinsa suke bi. Ki sanar a shafinki wata ɗaya kina cewa wance ce dai, suna ne ya sauya, za su biyo ki.

Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne yaron kafen nan. Ni ma haka na yi, na ba wani yaro ya yi min rajistar shago, ashe imel ɗinsa da lambar wayarsa ya sa. Bai kuma gaya min cewa kowace shekara ana shigar wa CAC da bayanin shekara kafin ƙarshen watan Yuni ba, ni na ɗauka an gama ke nan. Sai da banki ya ce sunana a CAC yana nuna kamar sana'ar ba ta aiki, na nemi yaro, ya bar gari. Na biya tarar shekarun da suka taru, na kuma sha wahala kafin in mayar da asusun CAC ɗin hannuna. Ki zauna kusa da shi ki ga imel ɗinki da lambarki da NIN ɗinki sun shiga da idonki.

Baristan Unguwa ya amsa:

Hajiya, ki kwantar da hankalinki tukuna. Alhaji Ɗan Kwari, ina girmama shawararka, wataƙila ma can za a ƙare, amma kada ta zubar da suna mai shekara huɗu saboda hoton takardar da ba ta ma karanta da kyau ba. Gani ya kori ji. Ki koma ki buɗe hoton nan ki gaya mana wace hukuma ce ta bayar, domin takardu biyu ne mutanenmu ke cakuɗawa, kuma amsar tambayarki tana tsakaninsu.

Ta farko ita ce ta CAC. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan shekarar ta maye gurbin ta 1990, ta ce duk mai sana'a da sunan da ba nasa na gaskiya ba ya yi rajista cikin kwana 28 da farawa. Wato ke da kanki kin makara, tun 2021 ya kamata. Ba ke kaɗai ba ce, amma haka dokar take. In sunanki na yanka da na mahaifinki kawai za ki rubuta, ba ƙarin komai, ba a wajabta miki rajista ba. Kina liƙa Foods ko Enterprises, wajibci ya hau kanki. Wannan ce amsar tambayarki ta uku, sai dai banki da NAFDAC za su nemi takardar ko da dokar ta ɗaga miki ƙafa.

Dalilin da ya sa suka dawo miki da sunan yana sashe na 852 na dokar kamfanonin. Ba sa karɓar sunan da ya yi daidai da wanda ke rajista, ko ya yi kusa da shi har zai iya ruɗar mutane. Zuciyar sunan suke dubawa, su Global da Ventures ado ne kawai, shi ya sa dabarar yaronki ba ta ci ba. Sashen ya kuma ware kalmomin da sai da izinin hukumar, irin su Federal, National, State, Government, Group da Holding. Kada kuma wani ya ce ki manna Ltd don sunan ya yi nauyi, wannan na kamfani ne.

To amma me takardar CAC ke ba mai ita? Tana gabatar da shi ga gwamnati da banki, tana kuma tare wa wani hanyar yin rajistar irin sunan a CAC. Ba ita ce ke mallaka wa mutum sunan da ke jikin roba ba. Wannan aikin takarda ta biyu ce, rajistar tambarin kaya, wadda ake yi a Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari, bisa dokar tambura ta 1965. Ana nema, a bincika, a ba ki takardar amincewa, a buga sunan a mujallar hukumar, a ba duk mai ƙorafi wata biyu. In an wuce wannan, satifiket na shekara 7 ne da farko, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Kuma aji-aji ake yi, 45 ne gaba ɗaya. Yaji da garin hatsi suna aji na 30, turare yana aji na 3. Wanda ya yi rajista a aji ɗaya bai kulle sauran ba.

In takardar tambari ce a hannun matar nan, a aji na 30, maganarta tana da nauyi, za ta iya zuwa Babbar Kotun Tarayya. Duk da haka ba hannu rabbana kike ba, sashe na 7 na dokar tambura yana kare wanda ya riga mai rajista fara amfani da sunan, kuma bai taɓa dainawa ba. In ta CAC ce kawai, abin da ya rage mata shi ne ta yi ƙarar cewa kina sojan gona da sunanta. A nan sai ta nuna cewa mutane sun san ta da sunan, kina sa su ɗauka kayanki nata ne, kuma hakan na cutar da ita. Akwai tsohuwar shari'a ta 1961 da duk ɗalibin lauya ya haddace: Niger Chemists suna sayar da magani a Onitsha, wasu suka buɗe Nigeria Chemists a titi ɗaya da su, kotu ta hana na biyun. Ki lura da abin da ya kayar da su: sana'a ɗaya, titi ɗaya, kuma su suka zo daga baya. Ke ce kika riga, in dai za ki iya tabbatarwa.

Saboda haka yau ɗin nan ki tattara hujja. Hoton farko da kika ɗora mai kwanan wata, rasit ɗin mai buga sitika na farko, saƙonnin masu oda na 2021, shaidar kuɗin da suka shigo. Kada fushi ko tsoro ya sa ki goge komai daga shafinki. Kada kuma ki rubuta mata "ki yi haƙuri, zan cire", irin wannan saƙon ake ɗagawa a kotu.

Wani abu da bai shafi matar ba amma ya shafe ki: sunan kasuwanci ba mutum ba ne a idon doka, ke ce shi. In an ci bashi da sunan ko wani ya yi ƙara kan kayan, dukiyarki ta gida ma tana ciki. Kamfani mai Ltd shi ke tsayawa da ƙafarsa, kuma tun 2020 mutum ɗaya zai iya kafa shi, da hannun jarin da bai gaza naira dubu 100 ba. Tunda kin fara shiga manyan kantuna, ki sa wannan a ranki.

Ɗan Katsinawa Maraɗi ya amsa:

Hajiya, na ji kin ce kayanki na zuwa wajenmu. Ki sani takardar Abuja iyakarta Jibiya, tana ƙetarowa ta zama takarda kawai. Mu a Nijar rajistar tambari ta OAPI ce, wato hukumar rajista ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, hedikwatarta a Yawunde, ƙasashe 17 ne a ciki har da Kamaru da Chadi, rajista ɗaya ta game su duka, shekara 10 a sabunta. Najeriya ba ta ciki. In kwali biyu ne ƙanwar maigida ke kawowa, ba sai kin wahalar da kanki ba. Ranar da ya zama mota guda, ki tuna da maganata, kuma da sunanki za a yi, ba da sunan mai kawo kayan ba, ko da kuwa 'yar uwa ce.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Barista, na buɗe hoton na zuƙo shi. Tambarin CAC ne a sama, lambar ta fara da BN, shekarar 2023. Na kuma bi shafinta tun daga ƙasa: turaren wuta da humra take sayarwa, sai watan jiya ta fara ɗora yaji. Ina jin a nan masu oda suka fara ruɗewa, don ni ma wata ta taɓa tambayata humra na ce mata kuskuren lamba ne.

Alhaji, wallahi na so in bi shawararka, amma sunan 'yata ne, ita ke liƙa min sitikar in ta dawo daga Islamiyya. To Barista, tunda CAC ba za ta ba ni shi ba, ta ina zan ɓullo wa banki da NAFDAC?

Baristan Unguwa ya sake amsawa:

BN rajistar sunan kasuwanci ce, da kamfani ne RC za ki gani. Wato abin da ta nuna miki na CAC ne. Hakan bai tabbatar da cewa ba ta nemi tambari ba, sai an bincika a Abuja.

Mafitarki tana cikin kicin ɗinki. Ɗauki ƙwayar Maggi ki juya, sunan kamfanin Nestlé ne. Bournvita ta Cadbury ce. Sunan mai sana'a daban, sunan kaya daban, doka ba ta ce sai sun zama ɗaya ba. Ki zaɓi wani suna na CAC, ki fara laluba shi a shafin binciken hukumar, kyauta ne. In sun amince za su ajiye miki shi kwana 60, ki kammala rajista a ciki. Da shi za ki buɗe asusu, shi za ki sa a rasit da allon shago. Ki guji su Alheri, Nasara da Albarka, an yi musu rubdugu tun da daɗewa.

Sunan 'yarki kuma ki nema masa rajistar tambari a aji na 30, da gaggawa, tunda ita ma ta shigo yaji kuma a can ma wanda ya riga shigar da takarda ya fi samun sauƙi. Dama NAFDAC za ta tambaye ki shaidar tambarin kafin ta ba ki lamba, ba kuɗin banza ba ne. Kalmar Foods da duk wata kalma mai bayyana kayan ko sunan gari ba za ta zama taki ke kaɗai ba, haɗin sunan da zanensa ne naki. Ki shigar da hoton sitikar gaba ɗaya, ba kalmar kawai ba. A 2004 kamfanin Ferodo mai birkin mota ya faɗi a Kotun Ƙoli a ƙarar da ya kai kamfanin Ibeto kan kamannin kwali, domin kotu ta ce kalmar Ferodo ce tambarinsu, launukan kwalin ba su zama nasu ba.

In bincike ya nuna ta riga ki a aji na 30, ki dawo mu sake lissafi, a lokacin maganar Alhaji za ta fi tawa araha. Kafin nan kada ki ƙara buga sitika, ki ci gaba da waɗanda ke hannu, sai ki sa a yi miki ɗan ƙaramin hatimi mai sabon sunan CAC da adireshinki a riƙa bugawa a ƙasa. Matar kuma lauya ne zai amsa mata, da hoton nan naki na 2021 a maƙale, kafin sati biyun su cika.